Yadda ake kiwon ƙaramin kare Ciwawa a zafin Kebbi

Ciwawa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin jinsunan karnuka. Wanda ya gama girma nauyinsa kilo 1.5 ne zuwa 3, bai fi zakaran gida ba, shi ya sa in ka fito da shi a Birnin Kebbi yara kan biyo ka suna tambaya, "Wanga mussa ta ko kare na?" Asalinsa ƙasar Meksiko ne. A katin likita za ka ga an rubuta Chihuahua, sunan wata jiha ce a arewacin ƙasar wadda ta yi iyaka da Amurka, kuma daga can matafiya Amurkawa suka riƙa sayensa suna tafiya da shi gida a ƙarshen ƙarni na 19. Masana da yawa suna danganta shi da wani ƙaramin kare mai suna Techichi wanda mutanen Toltek suka kiwata tun kafin zuwan Turawan Sifaniya. Ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka ta yi wa na farko rajista a 1904. Iri biyu ne, mai gajeren gashi da mai dogon gashi, kuma a ƙasarmu mai gajeren ya fi sauƙin riƙo.

Karen gida namu, ka ba shi ƙanzo da ruwa, ya nemi inuwarsa, ya rayu. Wannan ba haka yake ba. Yunwar rabin yini, ko kaska ashirin, ko allurar da aka zarce da ɗigo biyu, kowanne ya isa ya kashe shi. In ya samu kulawa kuwa yakan yi shekara 12 zuwa 16.

Akwai maganar da ya kamata ka warware kafin ka fitar da kuɗi. Hadisi ingantacce ya nuna wanda ya riƙi kare ba don farauta ko gadin dabbobi ko gona ba, ladansa na raguwa kullum, kuma malamai sun saɓa a kan ko gadin gida ya shiga cikin rangwamen. In kai Musulmi ne ka zauna da malaminka, ka kuma ji ta bakin mutanen gidanka. Ciwawa ba ya kama ɓarawo, iyakarsa ya ji motsi tun daga nesa ya tada gida da haushi. Abin da ba na so shi ne mutum ya saya da zumuɗi, bayan wata biyu surutun dangi ya ishe shi, ya kore shi waje. Wannan kare ba ya kwana biyu a titi.

Kayan da za ka tanada

Sikeli shi ne na farko, irin ƙaramin nan mai lamba da masu yin kek ke auna fulawa, mai nuna giram. Da shi za ka auna abinci, da shi za ka auna karen a cikin roba, kuma duk maganin da likita zai bayar da wannan nauyin zai lissafa. Sikelin da mutum ke hawa ba ya aiki, don kuskuren rabin kilo ya fi rabin jikin kwikwiyo mai giram 800. In ba ka samu ba, ka riƙa kai shi asibitin dabbobi a auna maka.

Sai keji mai iska ta kowane gefe. In babu, kafinta zai haɗa maka akwatin katako mai ragar waya, a ɗaga shi daga ƙasa da ƙafafu kamar taƙi ɗaya. Kwano biyu na silba marasa zurfi, nasa shi kaɗai, ba a haɗa su da kwanukan gida ko a wurin wanki. Ɗamarar ƙirji da igiya mara nauyi: abin wuya da sarƙa ba nasa ba ne, don bututun numfashinsa ba shi da ƙwari. Ɗamarar ba ta cika samuwa a kasuwa daidai girmansa ba, amma tela zai ɗinka da yadi mai laushi in ka nuna masa hoto, a bar sararin da yatsa ɗaya zai shiga tsakaninta da fata.

Ka ajiye zuma a 'yar kwalba kusa da kejin. Ka haɗa da matsefata, ƙaramin mataji, tsofaffin tawul biyu ko uku, buroshin haƙori na jarirai, abin yanke farce, ma'aunin zafin jiki da ruwan bilic. Sannan lambar wayar likitan dabbobi wanda ka riga ka je ka gani ido da ido, ka kuma tambaye shi ko ya saba duba ƙananan karnuka. Da yawa daga cikin masu aikin dabbobi a nan hannunsu a shanu da tumaki ya faɗa.

1. Gyara gidan

Ka durƙusa ka dubi tsakar gida daga ƙasa. Rariya, ƙarƙashin ƙyaure, bakin rijiya, bakin masai, kwata, bokitin da aka bari da ruwa: duk ramin da ɗan kyanwa zai shiga, shi ma zai shiga. A toshe rariya da raga, a rufe rijiya. Maganin ɓera da fiya-fiya da maganin feshin gona a ɗauke su sama, a kulle.

Wurin kwanansa ya zama baranda ko zaure ko wani ɗaki na gefe mai inuwa da iska, ba ƙarƙashin kwanon rufi mara silin ba. Kada a bar kwikwiyo shi kaɗai a fili da rana, shaho da shirwa suna iya sunkutarsa. Da dare kuma kunama, shi ya sa na ce a ɗaga kejin.

2. Zaɓe da ɗaukowa

Kada ka karɓi kwikwiyon da bai kai mako 8 ba. A wannan jinsin ni na fi son mako 10 zuwa 12, lokacin ya iya cin abinci da kansa sosai. Ka nemi ganin uwar, ko da ta kiran bidiyo ne kai tsaye, tana tare da 'ya'yan. Wanda ya turo maka hoto kawai ya ce ka tura kuɗi, ka rabu da shi. Ganin uwar ne kuma zai tsare ka daga sayen ruwa-biyu, wanda bayan wata shida za ka ga ya kai kilo 7. Masu talla suna da wani suna, wai "na cikin kofi", su tsuga kuɗi. Babu wani jinsi daban mai wannan suna. Ƙananan cikin ƙanana ne kawai, kuma su suka fi laulayi.

In ya zo hannunka ka ɗaga leɓensa. Dasashi ya zama ja-ja mai ɗan haske, ba fari ba. Ido garau, kunne ba wari, ƙarƙashin wutsiya ba alamar zawo. Ka shafa tsakiyar kansa a hankali: da yawansu maɗigarsu ba ta rufewa har girma, kuma ƙarama ba ciwo ba ce, sai dai a kiyaye wurin daga bugu. Amma in maɗigar tana da faɗi, kan ya yi tulluwa, idanu sun karkace waje, kwikwiyon kuma ya yi sukuku yana tafiya yana karo da abubuwa, wannan alamar taruwar ruwa ce a ƙwaƙwalwa. Kada ka ɗauka don tausayi.

Ka karɓi katin rigakafi, ka tambayi irin abincin da yake ci, ka sayi irinsa. In daga nesa za a kawo shi, kamar Abuja ko Legas, kada a sa shi a but, kada kuma a damƙa wa direba kamar saƙon kaya. Mutum ya riƙo shi a cikin mota, a taso da asuba, a riƙa ba shi ruwa da 'yar loma duk bayan awa uku. A watan Afrilu gara a ɗage tafiyar gaba ɗaya.

3. Makonnin farko

Babban abin tsoro a nan shi ne faɗuwar sukarin jini. Kwikwiyon Ciwawa ba shi da ajiya a jiki, in ya tsallake ci ɗaya ko biyu, ko ya yi wasa ya gaji, ko sanyi ya kama shi, sai ka ga ya yi laƙwas. Yana rawar jiki, yana tangaɗi, ido ya yi rau-rau, dasashi ya koɗe, in abin ya yi nisa ya fara shure-shure. Da ka ga haka ka lakaci zuma a yatsa ka goga masa a dasashi da gefen kumatu ta ciki. In babu zuma, a dama sukari da ruwa kaɗan ya yi kauri. Kada a ɗura masa ruwa a baki yana sume, zai tafi huhu. A nannaɗe shi da tawul. Yawanci cikin minti kaɗan yake ɗagowa, sai a ba shi abinci mai laushi, a kuma kai shi likita ranar, domin sau da yawa tsutsar ciki ko wata cuta ce ta jawo.

Maganin abin shi ne ci a kan lokaci: sau huɗu a yini har ya kai wata 4, na ƙarshe dab da kwanciya, na farko da sassafe. Daga wata 4 zuwa 6 sau uku. Bayan nan sau biyu ya isa, ko da yake mai ƙaramin jiki sosai na fi barinsa a kan uku. Da azumi, lokacin da gida ke yini ba a ɗora tukunya ba, a sa wani ya riƙe wannan aiki. Ka auna shi duk mako ka rubuta. Kwikwiyon da nauyinsa ya tsaya ko ya koma baya yana da matsala, ko da yana wasa.

4. Abin da zai ci

Ga kwikwiyo, busasshen abincin kanti na ƙananan karnuka ya fi, a jiƙa da ruwan ɗumi ya yi laushi. Babba mai kilo 2 yana cin kimanin giram 50 a yini, ka duba jikin leda don kowane kamfani da ma'auninsa. Ka lura da lissafin nan: buhu mai kilo 15 zai kai shi kwana 300. Kafin ya ci rabi zafi ya lalata man da ke ciki, ko danshin damina ya sa masa fumfuna. Ka sayi ƙaramar leda, ka juye a roba mai murfi. In za ka sauya abinci, ka riƙa gauraya sabo da tsoho na tsawon mako guda.

In abincin kanti ya yanke, abin da ke faruwa a nan ba sau ɗaya ba, ka dafa masa. Shinkafa ce da mu a Kebbi. Ka dafa ta ta yi luguf, ka haɗa da dafaffen nama ko kaza ko ƙwai, naman ya kai rabin kwano, ka ƙara kabewa ko karas ko dankali kaɗan. Ba gishiri, ba magi, ba yaji, ba manja. Kifi yana da kyau, amma ka zauna ka murje shi da yatsa ka cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Nama da shinkafa ba su da isasshen sinadarin gina ƙashi, don haka ka wanke ɓawon ƙwai, ka busar, ka daka ya zama gari, ka sa kimanin rabin ƙaramin cokali a duk rabin kilo na abincin. Hanta 'yar yanka sau ɗaya a mako. In girkin gida ne zai zama abincinsa na kullum, likita ya duba haɗin.

Albasa guba ce ga kare, ɗanya ko dafaffiya ko soyayya, tana fasa ƙwayoyin jininsa. A jihar da albasar Aliero ke shiga kowace tukunya, wannan yana nufin sauran miya da dafa-duka da romo duk ba nasa ba ne. Haka tafarnuwa. Goro, shayi, kofi da cakulan suna hargitsa bugun zuciyarsa, kuma ɓarin goro ɗaya da ya faɗo daga aljihun baƙo ba ƙaramin abu ba ne ga mai kilo 2. Inabi, ɗanye ko busasshe, yana lalata ƙoda. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soki hanji. Madara takan sa da yawansu zawo. Tsire da kilishi da balangu, yajinsu da kitsensu sun fi ƙarfinsa. Da Babbar Sallah ka sa ido sosai, kowa a gida yana so ya jefa masa kitse.

Ƙiba kuma tana saurin kama shi. Ka shafa gefensa, ya kamata ka ji haƙarƙari ba tare da ka danna ba.

5. Rigakafi da maganin tsutsa

Allurar farko a mako 6 zuwa 8, wadda za ka ga an rubuta DHLPP a kati, wato haɗin rigakafin cututtuka biyar a allura ɗaya. Ana maimaita ta duk bayan mako 3 zuwa 4 har ya kai mako 16. Ta haukan kare a wata 3, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin allurar haukan kare, kuma ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya, ka riƙa tambaya a asibitin dabbobi ko akwai gangamin rigakafi a lokacin.

Ka ga an ciro allurar daga firji ko kula mai ƙanƙara da idonka. Wadda zafi ya taɓa ruwa ce kawai. Kada ka yarda a raba ta biyu wai don kare ƙarami ne, rigakafi ba da nauyi ake auna shi ba. Bayan an yi ka zauna rabin awa a wurin, domin ƙananan karnuka sun fi saurin kumburin fuska ko amai bayan allura.

Har sai mako biyu sun wuce bayan allurar ƙarshe, ƙafarsa kada ta taɓa ƙasa a waje, har da harabar asibitin. Cutar amai da zawon jini, wadda likitoci ke kira parvo, ƙwayarta na yin watanni a ƙasa, takalmi ma yana kawo ta gida. Bilic kashi ɗaya a ruwa kashi 30 yana kashe ta a siminti.

Maganin tsutsa duk mako biyu har wata 3, duk wata har wata 6, daga nan duk wata uku. In kare ya ciji mutum, ko naka ne mai rigakafi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, a tafi asibiti.

6. Kaska, da hatsarin maganin shanu

Kaskar kare mai ruwan ƙasa a tsagar bango da ƙarƙashin keji take zaune, ta hau ta sha jini ta sauka. Kowace yamma ka ɗora shi a cinya bisa tawul, ka bi shi da yatsa: cikin kunne, tsakanin yatsun ƙafa, hammata, ƙarƙashin wuya. In ka samu, ka kama ta da matsefata dab da fata, ka ja a miƙe a hankali ba murɗawa, ka jefa a gwangwani mai kananzir. Kananzirin na gwangwani ne, ba na jikin kare ba. Haka baƙin mai da fiya-fiya, kada ko ɗaya ya taɓa fatarsa. A liƙe tsagogin bango, a wanke shimfiɗa duk mako, in za a yi feshi a fitar da shi sai wurin ya bushe ya sha iska.

Kaska tana sa zazzaɓin da ke cinye jini. Alamunsa ƙin ci, kasala, dasashi fari ko rawaya, fitsari ya yi duhu. Zafin jikin kare mai lafiya digiri 38 ne zuwa 39.2, abin da ya haura haka a kai shi a gwada jini.

A nan ne ake yawan asarar waɗannan karnuka. Wani zai ce ai ga mai yi wa shanu allura a unguwa, kuma kuɗinsa kaɗan. Dubi lissafi. Allurar ivermectin ta shanu, mil ɗaya na kilo 50 ne. A wannan ma'auni kare mai kilo 2 rabonsa 0.04 na mil, bai cika ɗigo ɗaya ba. Wanda ya zuƙi rabin mil yana ganin ya yi sassauci ya ba shi ninki goma sha biyu da ɗoriya. Allurar sammore, wadda aka rubuta diminazene a jikinta, ana amfani da ita a zazzaɓin kaska, amma tazarar da ke tsakanin warkarwa da taɓa ƙwaƙwalwar kare ƙanƙanuwa ce, sai likita da sikeli. Ruwan wankan kaska mai amitraz kuwa, Ciwawa na cikin karnukan da aka hana yi wa amfani da shi kwata-kwata. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Magungunan zamani na ɗigawa a ƙeya da ƙwayoyin tauna suna aiki sosai, amma da yawansu daga kilo 2 da mako 8 suke farawa, ka karanta kwali, likita ya zaɓa. Farasitamol da sauran magungunan ciwon jiki na mutane kada ka kuskura ka ba shi.

Da damina akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a yashi mai danshin fitsari da kan tsumman da aka shanya a ƙasa. Tsutsarsa tana huda fata, sai ka ga maruru mai 'yar ƙofa a tsakiya. Ka toshe ƙofar da man basilin, bayan ɗan lokaci ta leƙo, ka matse ta fito gaba ɗayanta, ka wanke wurin. Shimfiɗarsa a shanya a igiya, in da hali a goge da dutsen guga.

7. Bazara da hunturu

Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi kan haura digiri 40. Kare ba ya gumi a jiki, da haki yake fitar da zafi, kuma wannan cikinsa dab da ƙasa yake, turirin siminti yana dukansa kai tsaye. Fita sai bayan asuba ko bayan magariba. Ka ɗora bayan hannunka a daɓe, in ba ka iya jurewa ba shi ma tafinsa zai ƙone. Ruwa a kwano biyu a wurare biyu, a sauya sau uku a yini. In an ɗauke wuta ka jiƙa tawul ka shimfiɗa a inda iska ke ratsawa, ko ka yayyafa ruwa a yashi mai tsabta a inuwa, da kansa zai je ya baje ciki a kai. Kada a bar shi a mota ko na minti biyar. Mai dogon gashi a taje shi kullum, a rage gashin kaɗan in ya yi yawa, amma ba a yi masa ƙwal-kwabo, rana za ta ƙona fatar.

In ka ga haki ya ƙi tsayawa, harshe ya yi jawur, yawu ya yi kauri, yana tangaɗi, ka zuba masa ruwan randa a ciki da hammata da ƙafafu, ka yi masa fifita, ku kama hanyar asibiti kuna yi.

Da hunturu kuma sanyin dare yana shigarsa. A rufe gefe uku na kejin da bargo, a yanke hannun tsohuwar rigar sanyi a huda wurin ƙafafu a sa masa. Kada a kai masa kaskon wuta. Ƙurar hunturu tana damun manyan idanunsa, a riƙa goge gefensu da auduga da ruwa mai tsabta. Yawan rawar jiki ɗabi'arsu ce, sanyi ko tsoro ko murna duk suna sa su, amma in ta zo da kasala ka tuna da zuma.

8. Hali da horo

Ciwawa yakan zaɓi mutum ɗaya a gida ya manne masa, yana da kishi, yana da wayo, kuma bai san girman jikinsa ba. Zai tunkari karen farauta yana haushi, shi kuwa girgiza ɗaya zai yi masa. A waje kullum yana cikin ɗamara, in ka hango babban kare ka ɗauke shi.

Mafaɗacin Ciwawa yawanci matsoraci ne da ba a saba masa da mutane ba. Kafin ya cika wata 4 ka riƙa ɗaukarsa a hannu yana ganin duniya: ƙarar kabu-kabu, injin niƙa, awaki, mai babbar riga da rawani, mace mai hijabi, yara masu gudu. Duk abin da ya gani bai firgita ba ka ba shi 'yar tsoka. In baƙo ya yi sallama ya yi haushi biyu ko uku, ka kira sunansa, ya zo, ka ba shi lada, ka sa shi a keji. Ba kowane baƙo ke son kare ya shinshine shi ba, musamman mai alwala, kuma haƙƙinsa ne.

Mafitsararsa ƙarama ce. Ka kai shi wuri ɗaya da ka ware da zarar ya farka, bayan ya ci, bayan wasa, da kuma duk awa biyu. In ya yi a wurin ka yaba masa nan take. In ya yi a inda bai kamata ba ka wanke da bilic ka yi shiru. Duka ba ya koya masa komai sai ɓuya, kuma mari ɗaya na iya karya shi.

Yara su zauna a ƙasa kafin su riƙe shi. Faɗowa daga hannun yaro ko daga kan gado ya isa ya karya masa ƙafar gaba. Ana ɗaukarsa da hannu biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙugu. Gidan da ke da 'yan ƙasa da shekara shida da yawa, shawarata a haƙura.

9. Haƙori, farce da gwiwa

Haƙoran kare babba 42 ne, kuma a wannan ɗan bakin cunkushe suke, shi ya sa ruɓewar haƙori ta fi kowace cuta yawa a jinsin. Ka saba masa da goge baki tun yana ƙarami, kullum in ka iya. Makilin na mutane ba ya yi. In babu na karnuka, ka naɗa tsumma mai tsabta a yatsa ka jiƙa da ruwa ka goge. A wata 7 ka duba fiƙoƙinsa: in ka ga biyu a jere, na nono bai faɗi ba, likita ya cire.

Farce duk mako biyu ko uku, tsinin kawai, don akwai jijiya a ciki. Wanka sau ɗaya a wata da sabulun karnuka ko na jarirai, ba garin sabulun wanki ba, a kiyaye ruwa shiga kunne. In yana gudu ka ga ya ɗage ƙafar baya taku biyu ko uku sannan ya sauke, ƙoƙon gwiwarsa ne ke gocewa. Busasshen tari mai ƙara idan ya yi zumuɗi kuma na bututun numfashi ne. Duka biyun a nuna wa likita, kuma ƙiba tana ƙara su.

10. Idan karya ce

Takan fara neman barbara tsakanin wata 6 zuwa 9, sannan kusan sau biyu a shekara, kowanne kamar mako uku. A kwanakin nan karnukan unguwa za su yi sansani a ƙofar gidanka, wani ya haura katanga. A kulle ta a ɗaki, fitsari ma a raka ta. In babban kare ya hau ta, kada a ja su da ƙarfi a raba, za a yaga ta. A bari su rabu, a kai ta likita washegari, domin 'ya'yan da za ta ɗauka sun fi ƙarfin ƙugunta.

In ba kiwon sayarwa za ka yi ba, a cire mata mahaifa a huta. In kuwa kana so ta haihu, kada a haɗa ta a zuwan farko, kada a haɗa wadda ba ta kai kilo 2 ba, kuma namijin kada ya fi ta girma. Ciki kwana 63 ne ko kusa da haka, 'ya'ya yawanci ɗaya zuwa huɗu, kawunansu manya, don haka tiyata ba baƙon abu ba ce a wannan jinsi. Tun ciki yana wata ɗaya ka san inda za a yi mata in ta kama. In garinku babu mai yi, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Daga kwana na 58 mota ta kwana da mai, kuma in ta yi rabin awa tana nishi mai ƙarfi ɗa bai fito ba, ku tashi ko da tsakar dare ne.